Furannin ƙanƙara 24 da suka lanƙwashe kafin Kirsimeti: abin da ya jawo, da yadda aka gyara

Adon da ake magana a kai ƙaramin abu ne, faɗinsa kimanin santimita 10. Farin zare ake saƙawa da kwarashi a fitar da siffar ƙwayar dusar ƙanƙara mai rassa shida, a sandarar da shi ya yi tauri, sannan a rataye shi a jikin bishiyar Kirsimeti ko a bakin taga. Al'ada ce ta Turai da Amurka, inda Disamba ke zuwa cikin tsananin sanyi, kuma galibin tsare-tsaren saƙar da ke yawo a intanet don can aka rubuta su: a saƙa a Nuwamba, a shanya a ɗakin da na'urar ɗumama gida ta busar da iskarsa, a rataye. Mai saƙa a Jos ko Kaduna da aka nema ta yi wa coci ko gida irinsa, wannan tsarin za ta ɗauka, amma yanayin da za ta yi aikin a ciki daban ne, kayan da ke kasuwarta ma daban.

Mu ɗauki lamari guda mu bi shi daga farko har ƙarshe.

Abin da aka yi, da abin da aka tarar

Wata mai saƙa a Jos, wadda hannunta ya faɗa a huluna da kayan jarirai, ta karɓi aikin fure 24 na bishiyar coci. Don kada aiki ya rincaɓe mata a Disamba, sai ta fara tun Satumba, ruwa bai ɗauke ba. Ta samo farin zaren auduga lamba 10, wanda shi ne daidai. Kwarashin da ya fi siranta a cikin nata milimita 2.5 ne, da shi ta yi. Tsarin da ta bi rubutacce ne, babu zane. Da ta gama sai ta dafa sukari kofi biyu a ruwa kofi ɗaya kamar yadda ake faɗa, ta tsoma furannin, ta shimfiɗa su a kan kwali da ido kawai, kowanne ta soka masa fil bakwai irin na tela: ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin kowane reshe. Sai da suka kwana uku kafin su daina danƙo. Ta cire su da taurinsu, ta jibge a kwali ta ɗora saman durowa.

A makon farko na Disamba aka buɗe kwalin. Furannin suna da tauri, har sun fi ranar da aka ajiye su, amma a karkace. Wani reshe ya lanƙwasa sama, wani ya naɗe ƙarƙashin ɗan'uwansa, waɗansu sun manne da juna sai an ɓanɓare. Akwai matattun kiyashi maƙale a ramukan saƙar. A tsakiya da bakin rassa, daidai inda fil ya shiga, akwai ɗigo ja-ja mai ruwan ƙasa. Guda biyar ƙanana ne ainun, tsakiyarsu ta tattare ta ƙi kwanciya. Sauran 19 kuwa, ko an danne su a kan tebur, tazarar da ke tsakanin rassansu ba ɗaya ba ce: nan a matse, can a wage.

Abin da ake saurin cewa a irin wannan hali shi ne zaren ba shi da kyau. Zaren lafiyarsa ƙalau. Illoli ne daban-daban suka haɗu a kwali ɗaya, kowacce da sababinta, kuma in ba a rarrabe su ba, za a sake saƙa 24 a sake samun abin da aka samu.

Sukari da damina

Wannan ita ce babbar illar, kuma ita ce ta fi ruɗarwa. Sukari yana jan ruwa daga iska. Idan iska a bushe take, ruwan sukarin da ya shiga zare yakan daskare ya riƙe saƙar cak. Idan laima ta yi yawa sai ya sake jawo danshi, ya yi laushi, ya yi danƙo. A Jos, Satumba wata ne na ruwa, ragowar danshin kuma yakan kai Oktoba. Furannin sun shiga kwali da tauri, cikin 'yan kwanaki suka saki. Da yake a jibge suke, na sama ya danne na ƙasa, rassa suka lanƙwashe, danƙon ya kira kiyashi. Da hunturu ya shigo a ƙarshen Nuwamba iska ta bushe, sai sukarin ya sake daskarewa, amma a kan siffar da furannin suka riga suka karkace.

Shi ya sa wanda ya buɗe kwalin a Disamba ba ya zargin sukari. Ya taɓa ya ji tauri, sai ya ce ai sandarewa ta yi, matsalar a saƙa take. Alamar da ke tona asirin ita ce mannewar da suka yi da juna. Abin da bai taɓa yin laushi ba, ba zai manne da maƙwabcinsa ba.

Sukari yana da wata illar kuma. In aka bar shi ya daɗe a wuta yakan fara juyawa ruwan zuma, kuma ko kaɗan ya juya, farin zare zai nuna. Ra'ayinmu a nan a fili yake: duk adon da za a ajiye ya ratsa damina, kada sukari ya taɓa shi. In a tsakiyar Disamba za a yi, a rataye mako biyu ko uku, a wanke shi tas a Janairu kafin ajiya, to babu laifi, kuma taurin da yake bayarwa yana da kyau.

Tsatsar ma daga daminar ta samo ƙarfi. Fil na tela ƙarfe ne da aka yi wa ɗan siririn rufi. Ga tufafin da ake sokewa a cire cikin awa guda ya wadatar. Amma a nan ya kwana uku a cikin jiƙaƙƙen zare, rufin ya gaza a tsini da inda ya goge, tsatsa ta fito ta shiga auduga. Fil ɗin da ya dace shi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko na tagulla. Kada a dogara da abin da aka rubuta a jikin kwalinsa kawai. A jiƙa tsumman farin yadi, a soka fil biyar ko shida, a naɗe a leda ya kwana. In da safe akwai ko da inuwar ja a inda suka shiga, a bar wa tela abinsa.

Biyar ɗin da suka tattare

Su ne na farko da ta saƙa, kuma matsalarsu ta karatun tsari ce. Masu rubuta tsarin saƙa a Amurka da na Ingila suna amfani da haruffa iri ɗaya don ɗauri daban. Haruffan dc a tsarin Amurka suna nufin dogon ɗauri, wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka. A tsarin Ingila kuwa dc gajeren ɗauri ne, dogon kuma tr suke rubuta masa. Tsarin na Amurka ne, ita kuma da karatun Ingila ta saba. Sai ta sa gajere a inda ake son dogo. Yawan ɗaurin bai ragu ba, amma da'irar ba ta buɗe yadda za ta ɗauke su ba, don haka suka cunkushe, bakin ya yi ta tashi yana sauka. A fure na shida ne ta ga hoton da aka gama, ta gane, ta gyara, amma ba ta warware biyar ɗin farko ba, da fatan sandarewa za ta miƙar da su. Sandarewa ba ta gyara ƙirga.

Gane tsarin abu ne mai sauƙi. In an ga haruffan sc, wato gajeren ɗauri, a ko'ina a cikinsa, na Amurka ne, domin Ingila ba ta da wannan suna. In akwai zane, a bi zanen, don alamominsa ba sa sauyawa tsakanin ƙasashen biyu: ɗan ƙwai sarƙa ne, ɗigo baƙi zamiya, wato ɗaurin da ake rufe zagaye da shi, alamar x ko + gajeren ɗauri, harafin T mai ɗan layi ɗaya da ya gitta sandarsa dogon ɗauri.

Akasin cunkushewar ma yana faruwa. In fure ya lotsa ya ƙi buɗewa, to ɗauri ne ya yi kaɗan, ko sarƙar ta yi tsauri fiye da sauran saƙar.

Kwarashi milimita 2.5 bai ɓata siffa ba, amma ya sa saƙar ta yi sako-sako. Zare lamba 10 kwarashin ƙarfe yake so, tsakanin milimita 1.5 zuwa 1.75. Wannan siririn zare da kwarashin ƙarfe gado ne daga saƙar leshi, irin wadda matan Ayalan suka dogara da ita a shekarun yunwa na 1845 zuwa 1852, kuma a irin wannan saƙa matsewar ɗauri ita ce ƙashin aikin. Furen da aka saƙa a matse yana ɗan tsayawa da kansa tun kafin a sandarar da shi. Mai sako-sako kuwa, dukkan nauyinsa yana kan abin da aka tsoma shi a ciki, in wannan ya saki, shi ke nan. A kula da lambobi: a zare, lamba tana hawa yana ƙara siranta, wato 20 ya fi 10 siranta, 30 ya fi 20. Lambobin kwarashin ƙarfe ma haka suke, kuma suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a duba milimita.

Tunda an zo kan zare, ga abin da ya kamata a tabbatar kafin a saya. Auduga ce zalla ake so, wadda aka rubuta mercerised a takardarta, wato an bi da ita ta ruwan soda mai ƙarfi bisa hanyar da John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Irin wannan zare sumul yake, ba gashi-gashi, toho, wato 'yan madaukan da ke fitowa a jikin rassa, yana fita da kaifi. Ulun roba da ya cika kasuwa ba ya shan sitaci, sai dai ya shafu a bayansa ya yi ta zuba. In takarda ta ɓace, a yanki ɗan guntu a ƙona: auduga tana ci ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule baƙi da tauri.

Rassan da ba su raba tazara ba

Ƙwayar dusar ƙanƙara ta gaskiya rassa shida gare ta, saboda ƙwayoyin ruwa idan suka daskare suna jeruwa ne a tsari mai kusurwa shida. Johannes Kepler ya yi rubutu a kan wannan shida tun 1611, Wilson Bentley kuma, wani manomi a jihar Bamont ta Amurka, ya fara ɗaukar hotonsu ta madubin ƙara girma a 1885, ya bar hotuna fiye da 5,000. Abin da wannan ke nufi ga mai saƙa shi ne tsakanin reshe da reshe digiri 60 ne, ba ragi ba ƙari, kuma kowane ƙirga a zagayen saƙar dole ya rabu shida. Mai rassa biyar ko takwas tauraro ne, ado ne mai kyau amma wani abu ne daban.

Ido ba ya iya raba digiri 60 a kan jiƙaƙƙen zare da ke bin duk inda aka ja shi. Amma da fure ya bushe aka ɗaga shi a haske, idon nan shi ne zai fara ganin kuskuren. Fil bakwai kuma sun yi kaɗan ƙwarai. Sun riƙe bakin rassa, sun bar kowane toho na gefe ya bushe yadda ya ga dama, wani a buɗe, wani a murɗe.

Tsarin da aka koma kansa

Don waɗanda za a sake, ga tsari mai zagaye huɗu da ƙirgansa ya daidaita. Da zare lamba 10 da kwarashi milimita 1.5 yana ba da fure mai faɗin santimita 9 zuwa 10 bayan an miƙe shi, gwargwadon hannun mai saƙa, kuma yana cin zare kimanin mita 5. Dunƙulen giram 50 ya fi mita 200, ya ishi aikin duka har da saura.

Ɗauri uku ne ban da sarƙa. Zamiya: ki soka kwarashi, ki jawo zare ta cikin idon da kika soka da wanda ke kan kwarashin a ja ɗaya. Gajeren ɗauri: ki soka, ki jawo, ido biyu ke nan a kan kwarashi, ki naɗa ki ja ta cikinsu. Dogon ɗauri: ki naɗa tukuna, ki soka, ki jawo, ido uku ke nan, ki naɗa ki ja ta biyu, ki sake naɗawa ki ja ta biyun da suka rage.

Ki yi sarƙa 6, ki rufe da zamiya ta zama zobe.

Zagaye na 1: sarƙa 1, gajeren ɗauri 12 a cikin zoben, kina rufe wutsiyar zaren a ƙarƙashinsu. Zamiya a ɗauri na farko.

Zagaye na 2: sarƙa 6, ukun farko suna matsayin dogon ɗauri. Ki tsallake ɗauri ɗaya, dogon ɗauri a na gaba, sarƙa 3. Ki ci gaba da haka har ki zagayo, ki rufe da zamiya a ido na uku na sarƙar farko. Ki tsaya ki ƙirga: dole rami 6.

Zagaye na 3: zamiya cikin ramin farko, sarƙa 3 a matsayin dogon ɗauri, dogo 1, sarƙa 3, dogo 2, duk a rami guda. A kowane ramin da ya rage: dogo 2, sarƙa 3, dogo 2. Zamiya a kan sarƙar farko. Yanzu akwai dogon ɗauri 24 da kusurwa 6.

Zagaye na 4 shi ne na rassa. Ki bi da zamiya har cikin kusurwar farko, sarƙa 1, gajeren ɗauri a ciki. Hawa: sarƙa 3, sannan sarƙa 4 ki rufe da zamiya a ido na huɗu daga kwarashi, toho ke nan na gefe, sai sarƙa 3. Baki: sarƙa 4, zamiya a ido na huɗu daga kwarashi, sarƙa 5, zamiya a wannan idon, sarƙa 3, zamiya a shi dai. Sauka: zamiya a ido uku na gaba, zamiya a gindin tohon gefe, sarƙa 3, zamiya a gindin dai, zamiya a ido ukun da suka rage, gajeren ɗauri a cikin kusurwar. Sai sarƙa 2, gajeren ɗauri a tsagar da ke tsakanin rukunin dogayen ɗauri biyu, sarƙa 2, ki shiga kusurwa ta gaba. Sau shida, ki rufe da zamiya.

A lura da wani ɗan wuri da mutane da yawa suke tuntuɓe. Tohon hawa sarƙa 4 ne, na sauka 3. Ba kuskuren rubutu ba ne. A na hawa, ido ɗaya cikin huɗun shi ne gindin, uku ne suke fita waje. In aka yi huɗu a sauka ma, gefe ɗaya na kowane reshe zai fi ɗayan girma, kuma babu fil ɗin da zai ɓoye shi.

Wutsiyar ƙarshe a soke ta da allura a bayan dogayen ɗauri kafin a jiƙa komai. Bayan sandarewa allura ba za ta shiga ba. Hannu kuma a wanke shi kafin a ɗauki zare. A hunturu kowa yana shafa mai, man kuma yana bin zare ya bar dusu-dusu da ba a gani sai fure ya bushe. Sabon lalle ma yana rina shi.

Gyaran 19

Alherin sukari ɗaya shi ne yana narkewa. An zuba furannin a ruwan ɗumi, aka bar su rabin awa, aka sauya ruwan sau uku har ya daina santsi a yatsa, aka wanke da ɗan sabulu aka ɗauraye. Kiyashin sun fita da ruwan farko.

Tsatsa ta fi wuya. A ɗiga ruwan lemun tsami a kan tabon, a barbaɗa gishiri, a sa a rana kimanin awa guda, ana ƙara lemun in ya bushe. A ɗauraye sosai bayan haka, domin tsamin da aka bari a jikin auduga yana cin ƙarfinta a hankali. In bai fita ba a maimaita sau ɗaya ko biyu. Ruwan bilic shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi in an ga tabo a farin abu, kuma shi ne bai kamata ba: ba ya cire tsatsa, ƙara kafa ta yake yi. A wannan lamarin 16 sun fita fes. Uku tabon ya bar inuwa, aka haɗa su da biyar ɗin nan aka saƙa sababbi takwas da sabon zare. Warwararren zare yana riƙe lanƙwasarsa, mita 5 kuma ba abin da za a yi wa rowa ba ne.

Sai zaɓin abin sandarewa. Biyu ne suka cancanta.

Sitacin rogo, irin na guga, yana bushewa garau kuma ana iya wanke shi a sake. A dama babban cokali ɗaya da ɗan ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa kimanin mililita 120 ana juyawa ba tsayawa har farin ya ɓace ya koma shara-shara, kaurinsa kamar kunu mai ɗan jiki. Ya fi na tufafi kauri nesa. In ruwan bai kai zafi ba, zai tsaya fari, kuma zai bushe ya zama gari a kan zaren. A bari ya huce yadda hannu zai iya shiga. Illarsa ita ce shi ma yana sakin jiki a damina, ko da bai kai sukari ba, kuma kyankyaso yana cinsa.

Farin gam na ruwa, irin na kafinta ko na 'yan makaranta wanda yake bushewa ba launi, a gauraya shi da ruwa daidai wa daida. Kiyashi ba ruwansu da shi, yana riƙe siffa shekara da shekaru, ko ya ɗan yi laushi a tsananin laima ba ya zubewa. Illarsa ita ce ba a komawa baya cikin sauƙi, kuma wani gam ɗin yana ɗan juyawa rawaya da daɗewa. A gwada a fure ɗaya tukuna. Gam mai launin rawaya tun a kwalba, da mai warin fetur na manna takalmi, ba nasu ba ne nan.

Ga adon coci da za a fitar kowace shekara, hannaye da yawa suna taɓawa, a ajiye a sito, gam ya fi. Ga saƙa mai daraja da ake so a riƙa wankewa, sitaci. A nan gam aka zaɓa, musamman da yake 16 ɗin sako-sako ne, suna bukatar abin da zai riƙe su da gaske.

A kan allo

A nan siffar take fitowa, don haka a ba shi lokacinsa. A samo farin soso mai tauri irin wanda ake tokare firji ko talabijin da shi a cikin kwali, ko kwali mai kauri ninki biyu. A kan farar takarda, da kamfas na akwatin lissafi, a zana da'ira mai nisan santimita 5 daga tsakiya. Kada a taɓa buɗin kamfas ɗin. A dasa tsininsa a bakin da'irar a yi alama, a matsa kan alamar a sake yi, haka har a zagayo. Sau shida cif zai faɗa. A haɗa kowace alama da kishiyarta da rula, layi uku da suka ratsa tsakiya, rassa shida ke nan. A ƙara ƙananan da'irori biyu a ciki, kimanin santimita 2 da 3 da rabi, don kusurwoyi da tohon gefe su sami abin bi. Na tsofaffin 16 an zana musu da'ira mai santimita 6, domin babban kwarashi ya sa sun fi girma. A ɗora takardar a kan soson, a rufe da farar leda shara-shara, a ja ta a manne da salatif ta baya. Ledar tana hana tawada shiga zare, tana kuma hana fure mannewa. Jarida ko kwali mai rubutu kada su taɓa jiƙaƙƙen fure.

A tsoma fure ɗaya-ɗaya, a murza shi a hankali har ruwan gam ya ratsa cikin ɗaurin, a matse a dunƙulen hannu ba tare da murɗawa ba, sannan a danna shi tsakanin tsohon farin yadi. Wannan dannawar mutane suke tsallakewa. In gam ya yi yawa yakan toshe ƙananan ramuka da wata siririyar fata, ya kuma kwanta a bayan furen ya bushe da sheƙi inda ya taɓa leda. Ramin da ya toshe a buɗe shi da tsinken sakace tun yana jiƙe.

Sokawa tana da jeri. Fil na farko a tsakiya. Sai bakin reshe ɗaya a kan layinsa, sai na kishiyarsa, a ja su daidai don tsakiyar kada ta gusa. Haka biyu-biyu har shida. Daga nan toho biyu na gefen baki, toho biyu na tsakiyar reshe, a buɗe kowanne a ja shi waje, sannan kwarin da ke tsakanin rassa. A karkata kan fil ɗin waje kaɗan don zaren kada ya hau sama ya tashi daga allo. In aka ƙirga: ɗaya a tsakiya, biyar a kowane reshe, shida a kwari, 37 ke nan a fure guda. Allo mai fure shida yana cin fil 222. Wanda bai yi wannan lissafin ba tun farko shi ne yake ƙarewa da fil bakwai. Da allo ɗaya da fil 222, ana gama 24 a zubi huɗu.

A ja har saƙar ta miƙe, kada a wuce nan. In dogayen ɗauri sun fara sirancewa, ko zoben tsakiya ya fara zama kusurwa-kusurwa, an yi yawa.

Hunturu yana busarwa da sauri, wanda aka soka da yamma yakan bushe kafin safiya. Amma ƙurarsa tana sauka a kan jiƙaƙƙen gam ta zauna har abada. A shanya a cikin ɗaki, a kifa babban kwali a kai a ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska. Mai son ƙyalƙyali ta barbaɗa kaɗan bayan an gama sokawa, gam yana jiƙe. Kafin a cire, a taɓa tsakiya, nan ne yake bushewa a ƙarshe, in da sanyi-sanyi a bari. A murza kowane fil kafin a zare shi don gam ɗin da ya kama shi ya saki, in ba haka ba zai ɗago toho ya karya shi. A ɓanɓare furen daga leda, a juya bayansa sama na 'yan awoyi. Fil ɗin a jiƙa su a ruwan ɗumi a goge, a busar kafin zubi na gaba.

Ramin da fil ya bari a babban tohon baki shi ne wurin rataya. A zura farin zare ko siririn zaren roba na masunta, tsawon santimita 20, a ƙulle. Sababbi takwas da suka fi ƙanƙanta an sa su a saman bishiyar, manyan a ƙasa, bambancin girman sai ya zama kamar da gangan aka yi. A nisanta su da kyandir da ƙwan lantarki mai zafi, auduga ce.

Bayan biki, a kaɗe ƙura da busasshen buroshi mai laushi, a jera su a kwance a gwangwani mai murfi, farar takarda tsakanin kowane jeri, a jefa 'yan ƙunshin shan danshi irin na kwalin sabon takalmi. A rufe shi a Janairu, iska tana bushe, kada a buɗe cikin damina. Mai son fara aiki da wuri kuma ta yi saƙarta a Satumba ko ma Yuli, ta ajiye furannin da laushinsu a jakar yadi mai tsabta, ta bar tsomawa da sokawa sai ruwa ya ɗauke sarai, daga tsakiyar Nuwamba.